A Mayar wa Mai Shi

A layin masu gyare-gyare, tsakanin shagon tela da na mai yankan makulli, akwai wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum uku sai ɗaya ya riƙe numfashi. Nan Kunne ya yi shekara talatin da ɗoriya yana gyaran rediyo. Da can rediyoyin mutane har rufi suke kaiwa. Yanzu abin da ake kawo masa bai wuce fanka da tocila da cajar waya ba, sai jefi-jefi wani tsoho ya shigo da rediyon da ya girmi 'ya'yansa, su zauna su zagi zamani tare. Shi da bakinsa yakan ce sana'arsa ta riga shi mutuwa, labarin ne bai iso shi da wuri ba.

Abin da ya rage masa a duniya sunan nan ne, Kunne, kuma yana ji da shi fiye da yadda ya kamata dattijo ya ji da laƙabi. Kowace Asabar da ƙarfe huɗu gidan rediyon garin yana da shirin da ake sako sababbin waƙoƙi, masu sauraro su bugo waya su faɗi ra'ayinsu. Akwai direban bas wanda kowace waƙa ta yi masa in dai da ganga a ciki. Akwai ma'aikaciyar jinya da kalmomi kawai take bi, in mawaƙi ya ce soyayya za ta kashe shi, ta ce ya zo asibiti a auna shi. Akwai tela maƙwabcinsa, wanda ra'ayinsa kullum shi ne saɓanin na wanda ya riga shi magana. Sai kowa ya gama, mai gabatarwa ya gyara murya ya ce, "To, bari mu ji ta bakin Kunne." Shekara goma sha tara ana haka, kuma ko ranar da aka cire masa haƙori sai da ya bugo.

Hukuncinsa uku ne, daga teburin gyara ya kwaso su. Waƙar da ta yi, ya ce lafiya lau. Wadda ta kusa, ya ce da sauran gyara. Wadda ba ta da mamora kuwa, sai ya ɗan yi shiru don a ƙagu, sannan ya ce, "A mayar wa mai shi." Maganar nan ta shiga gari, har wanda tela ya ɓata wa ɗinki da ita yake kai ƙorafi. Waƙoƙin soyayya sukan tsira da sauran gyara. Masu gambarar zamani ma, in bakinsu na fita, yakan ɗaga musu ƙafa. Kiɗan kwamfuta ne bai taɓa tsallake hannunsa ba, wato irin wanda yara ke haɗawa da na'ura, babu makaɗi babu mabushi. Ya ce ƙyas-ƙyas ne da tsit-tsit kamar ɓera a cikin kwali, gini ne da aka yi wa rufi aka manta da tushe.

Yana da ƙa'ida, kuma da ita yake taƙama. Ba ya sauraron sabuwar waƙa sai ta akwatinsa, wani akwatin katako da ya haɗa da hannunsa tun yana saurayi. Sifika biyu ne a ciki, ƙarama a sama mai fitar da siririn sauti, babba a ƙasa mai fitar da kauri, wanda yara ke kira bes. Kayan mutane in ya gyara da labarai yake gwada su, wai sifikar da ta iya karanta labarai ta iya komai. In mota ta wuce tana dukan kiɗa har ƙofa na rawa, sai ya toshe kunne ya ce gwangwani ne ke kuka. Tsofaffin waƙoƙin ƙuruciyarsa kuwa ya haddace su, yana sa su yana kaɗa ƙafa, kansa na cike masa duk abin da akwatin bai faɗa ba.

To, Allah da ikonsa, a gidansa aka haifi mai kiɗan kwamfuta. Autarsa ce, shekararta ashirin da biyu. Da rana tana aiki a shagon buga takardu, in ta dawo ta rufe ɗaki da kwamfutarta da wata 'yar na'ura mai maɓallai, abin ji a kunne, kai na gyaɗawa. Wata takwas ta yi tana sassaƙa kiɗa guda. Ranar wata Juma'a ta biyo ta shago, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza igiyar jakarta.

"Baba, gobe za a sa nawa a shirinku."

"Madalla. Za mu ji."

Ta miƙo masa abin jin nata. "Don Allah ka fara ji a nan. Akwatinka ba ya fitar da ƙasa."

Ba ranar ta fara faɗa ba. Ta faɗa tana 'yar shekara goma sha huɗu, kuma amsar da ta samu a lokacin ita ya sake ba ta, ko wasali bai canja ba.

"Auta, akwatin nan ya girme ki."

Ranar Asabar aka sako kiɗan. Kunne ya ajiye abin da yake yi, ya rufe ido yadda ya saba. Ya ji 'yan ƙyas-ƙyas ɗin nan, ya ji wani siririn sauti yana hawa yana sauka, sai kuma a tsakiya komai ya ɗauke, shiru kusan rabin minti. Tausayinta ya ji, wallahi, ya ce a ransa yarinyar nan ko cike ramin ba ta yi ba ta kai wa duniya.

Direba ya bugo ya ce sitiyarinsa har rawa ya yi. Ma'aikaciyar jinya ta ce babu kalma ko ɗaya amma ta ji abin a ƙirjinta. Tela ya ce shi bai ji komai a ƙirji ba, a ciki ya ji. Sai aka zo kan Kunne. A nan ne mutumin ya ga wata dama, kuma ita ta kai shi ta baro. Ya ga ranar da gari zai san cewa shi ba sani ba sabo.

"Jama'a, mai kiɗan nan 'yata ce, ta cikina," ya ce. "Amma gaskiya ɗaya ce. Babu tushe. Har rami ta bari a tsakiya, shiru rabin minti."

"Shiru kuma, Kunne?" in ji mai gabatarwa, yana 'yar dariya, don ya ɗauka gatse ne.

"Shiru mana. A mayar wa mai shi."

Ya kashe waya yana jin kansa wani alƙalin alƙalai. Har shayi ya aika aka kawo masa.

A gida babu wanda ya ɗaga murya, kuma da an ɗaga da ya fi masa sauƙi. Auta ta naɗe wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ta sa na'urar a kwalinta, ta ɗora a saman kabad inda ake ajiye abin da aka gama da shi. Da safe takan gaishe shi cikin ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabci. Mahaifiyarta, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ta ajiye masa abinci ta ce, "Ga shi nan, in gaskiyar da ka ci ta bar maka wuri." Ya ce wata rana za su gode masa. Ta ce suna jira.

Ranar Laraba wani ƙaton mutum ya shigo da sifikar mota a kafaɗa. Yana yin sallama suka gane juna ta murya, direban bas ne. Shekara da shekaru suna musu a rediyo ba su taɓa haɗuwa ba. Waya ce ta saki a sifikar, minti biyar Kunne ya liƙe ta da dalma, ya miƙa hannu zai kamo labarai.

"A'a, Malam Kunne, ni ba labarai nake ɗauka a mota ba. Gwada da wannan."

Direban ya jona wayarsa, sai ga kiɗan Auta. Kunne ya ɗaure fuska, ya ƙudurta zai jure saboda ciniki. Aka zo daidai ramin nan na tsakiya. Sai kusoshin da ke cikin gwangwani suka fara tsalle. Kofin shayi ya kama tafiya a kan tebur. Wani abu mai nauyi ya taso daga ƙasa, ya bi ta ƙafafun kujera ya zauna masa a ƙirji, yana tafiya a hankali, yana hawa yana sauka kamar numfashin mai barci. Kunne ya yi wuf zai cire waya.

"Akwai ƙugi a sifikar nan. Bari in sake buɗewa."

Direba ya riƙe masa hannu. "Wane ƙugi? Ai nan ne kiɗan yake. Ni na ɗauka ranar nan wasa kake yi."

Kunne ya ce e, wasa ne. Ya sallami mutumin, ya janyo ƙofa rabi, ya juya akwatinsa. Kusoshi huɗu ne a bayan, sun yi tsatsa, da ƙyar suka yarda. Yana ɗaga katakon ya gani. Wayar babbar sifika tana lilo, ba ta jone da komai ba, an naɗe bakinta da ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa mai zanen agwagi.

Ya san ƙyallen. Lokacin da aka haifi Auta, mahaifiyarta na koyarwa da safe, shi yake zama da jaririyar a shago, a cikin wani kwando ƙarƙashin tebur. Duk lokacin da babbar sifika ta buga sai ta firgita ta tsala kuka. Wata safiya ya zare wayar, salatif ya ƙare, ya yago bakin tsohuwar rigarta ya naɗe, ya ce in ta yi wayo zai mayar. Ta yi wayo, ta yi makaranta, ta kama aiki. Shekara uku bayan cire wayar ya fara bugawa gidan rediyo, wato duk hukuncin da ya taɓa yankewa da rabin akwati ya yanke shi. Mai gyaran rediyon gari guda, nasa ne a lalace.

Ya yi dariya shi kaɗai har ya share ido, daga nan kuma ba dariyar ba ce.

Kada a yi masa ƙarya, bai tashi da niyyar tona kansa ba. Ya mayar da wayar, ya ɗaure kusoshi, ya kwana biyu yana shirya dabara. Babu wanda ya gani. Zai iya fara sassautawa a hankali, wannan mako da sauran gyara, wani mako lafiya lau, a ce Kunne ya tafi da zamani. Sunansa zai tsira. Amma duk lokacin da ya wuce ƙofar ɗakin Auta sai idonsa ya kai kan kwalin nan a saman kabad. A gaban gari ya ce mata babu tushe, kuma ya san ba a wanke irin wannan a ɗaka.

Ranar Asabar, da aka ce bari mu ji ta bakin Kunne, bai tsaya kan waƙar ranar ba.

"Yau kaya na kawo gyara," ya ce. "Shekara goma sha tara ina gaya muku abin da na ji, ashe babbar sifikata a cire take. Ni na cire da hannuna na manta. Duk yaron da na ce kiɗansa ba tushe, ya yafe mini, tushen yana nan, ni ne ban da ƙasa. Kiɗan 'yata na ji shi ranar Laraba. Lafiya lau. Inda na ce rami ne, nan ya fi kyau."

Ta jikin bango Kunne yana jiyo tela yana dariya har da dukan keken ɗinki.

"To, Kunne," in ji mai gabatarwa, "shi mai sauraron fa, wane hukunci za a yi masa?"

"A mayar wa mai shi."

Ya kashe waya ya zauna. Ya san daga yau duk wanda ya kira shi Kunne da murmushi zai kira, kuma abin ya yi masa ciwo, ba kaɗan ba. Bai kai ga shanye shayinsa ba inuwa ta tare ƙofa. Auta ce, da kayan aikinta, da alama a shagonsu ta ji.

"An ce a zo a karɓi kaya," ta ce.

Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya ɗauko ƙyallen daga aljihu ya ajiye a tebur, ya gaya mata na mene ne. Ta ɗauka tana juya shi, ta daɗe tana kallon agwagin.

"Ka san ban taɓa jin bes ba sai da na kai shekara goma, a cikin bas?" ta ce. "Na ɗauka motar ce za ta tarwatse. Tun ranar nake bin sa."

"Ashe ni na jawo."

"Kai ka jawo, Baba."

Ta sa ƙyallen a jakarta, ta ture gwangwanin kusoshi gefe, ta zauna a bakin teburin da ta taɓa barci a ƙarƙashinsa. Ta jona wayarta da akwatin. Da aka kusa tsakiya, Kunne ya kai hannu zai rage sauti, tsohon sabo, kada yarinya ta firgita. Ta ɗauke masa hannun, ta ƙara.