Ɗauki Abarka, Digiri

A shekarun da aka dawo mulkin farar hula, aka kuma ƙaddamar da Shari'a a Kano, sana'ata buga golf ce. Ina faɗin haka da ɗan nauyin baki, domin har yau akwai dangin da suke zaton zaman kashe wando nake yi a lokacin, kuma ba zan rantse cewa sun yi kuskure gaba ɗaya ba.

A Nassarawa GRA na tashi, amma ta baya. Baba direba ne a gidan wani Alhaji, mu kuma muna boskwata, ɗakunan ma'aikata, bayan bishiyoyin mangwaro. Filin golf ba nisa. A can na fara da ɗaukar wa mutane jakar sanduna har na iya bugu. Na yi jami'a, na karanta labarin ƙasa, na yi bautar ƙasa, na dawo da takardata a cikin leda, sannan na koma filin na shiga sahun ƙwararru, waɗanda ake ce wa furo.

Da siyasa ta kankama, Alhajin nan ya samu shiga, ya samo mini gurbi a sakatariyar ƙaramar hukuma. Lokacin Baba ya ajiye tuƙi, mun koma Kaura Goje. Wata rana bayan Magariba ya kira ni.

"An ce akwai gasar da kuke yi a satin nan."

"E to, Baba, akwai, kodayake ba lallai ba ne a ce..."

"An ce mutum huɗun ƙarshe za a ɗauki nauyinsu su zaga Kudu shekara guda."

"Haka dai ake cewa."

"To in ka shiga cikin huɗun, na bar ka da sandunanka, ba zan ƙara magana ba. In ba ka shiga ba, ran Litinin ka sa babbar riga ka tafi sakatariya."

Na ce to. Ya ƙara da cewa zai zo ya gani da idonsa. Shekara da shekaru yana jiran Alhaji a wurin ajiye motocin kulob ɗin, amma bai taɓa taka ciyawar filin ba.

Kulob ɗin ma a lokacin yana koyon sabon zama. An rufe mashaya an sa zoɓo da kunun aya, kodayake na lura akwai manyan da ba sa yarda kowa ya zuba musu shayi sai daga tasu butar. Ni kuwa kafin in shiga gasar sai da na tambayi malamai biyu ko kyautar da ake bayarwa caca ce. Na farko ya ce ba caca ba ce tunda ba daga aljihun 'yan wasa ta fito ba. Na biyu ya ce shi abin da ya dame shi tsawon wandon da muke sawa. Na samu na uku don in ƙara tabbatarwa, ya ce in koma wurin na farko.

Gasar irin ta mutum da mutum ce, sili ɗaya ƙwale. Ba a tara jimillar bugu. Rami-rami ake yi, ramuka goma sha takwas: wanda ya shigar da ƙwallonsa da ƙarancin bugu shi ya ci ramin, in aka yi daidai a wuce. Akwai kuma wata doka da ba ta cikin sauran wasanni. In ƙwallon abokin karawarka ta tsaya dab da rami, kana iya yafe masa bugun, ka ce ya ɗauka, a lissafa kamar ta shiga. Da ka faɗa shi ke nan: ba ka janyewa, shi ma ba ya ƙi.

Mu a filinmu kewayen rami ba ciyawa ba ce, rairayi ne da aka jiƙa da baƙin mai. Kafin ka tura ƙwallo, sai wani mutum ya ja buhu daga inda take zuwa bakin rami, ya share maka hanya. Namu mai jan buhun wani tsoho ne Bakatsine, ba ya son a bar shi ba aiki.

Na ci karawa biyu na farko, ban san yadda aka yi ba. Ta uku, wadda in na ci na shiga cikin huɗun, ta faɗo ranar Asabar, kuma aka haɗa ni da wani dattijon furo daga Kaduna, Kirista, ɗan kudancin Zariya, wanda kowa yake kira Oga. Sunansa kawai nake ji tun ina ɗaukar jaka. Gajere ne, mai furfura a gemu, mai dariya da dukan jikinsa. Da muka gaisa ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Kai ne mai digirin? To ni firamare ma korata aka yi. Ka yi mini a hankali, Digiri."

Alƙalin wasanmu wani tsohon hedimasta ne mai hular kwano. Baba kuwa ya zo da farar riga da carbinsa, yana bin mu daga nesa, daga inuwar wannan darbejiya zuwa waccan.

A rami na biyu ƙwallona ta tsaya kamar taƙi ɗaya daga rami. Ina shirin kiran mai buhu sai Oga ya ɗaga hannu.

"Haba, wannan ai ko jikana zai sa ta. Ɗauki abarka, Digiri."

Na ɗauka, na ɗan rusuna, na ce na gode, Allah ya ƙara girma. Daga nan kuma sai abin ya tsaya mini a rai. A gidanmu ba a mayar da kwano wayam. Innata in aka yi mata biki da turmi ɗaya, ranar ramawa da biyu take zuwa, ko da za a kwana ana shan koko. Haka na tashi na gani, ban kuma taɓa jin an ce ban da filin golf ba.

Saboda haka a rami na uku, da tasa ta tsaya kamar kamu ɗaya, na ce, "Oga, in ba damuwa, ɗauki taka."

"Kai, ɗan albarka! Wa ya haife ka?"

Na nuna masa Baba a gindin bishiya. Ya cire hula ya ɗaga masa. Baba ya ɗaga carbi.

A rami na huɗu ya yafe mini kamu guda. A na biyar na yafe masa taku guda, don ban ga yadda zan mayar da daidai abin da aka ba ni ba. Haka muka yi ta yi. Tasa kyautar ba ta cika wuce kamu ba, tawa kuwa kullum sai ta ɗan ƙaru, har a rami na takwas na yafe masa abin da, in ban ƙara gishiri ba, ya kai gaba guda. Mai jan buhu ya yar da buhunsa ya zauna a kai.

"Ni dai in sadaka aka zo rabawa a gaya mini, in je in kira iyalina."

Hedimasta ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta abin da zai rubuta.

Da muka gama ramuka tara na farko Oga yana gabana da rami biyu. Aka tsaya sallar Azahar. Shi ya zauna a inuwa yana jiranmu, mu kuma muka yi sahu a kan tabarma kusa da famfo. Da aka sallame Baba ya matso kusa da ni, fuskarsa a sake, abin da ban saba gani ba.

"Na tambayi mai buhun nan ya yi mini bayani. Ashe wasan naku akwai tarbiyya a ciki. Na ga yadda kake girmama dattijon nan. Haka ake so."

"Baba, sai dai kuma kamar shi ne a gaba."

"To ai babba ne."

Na koma wurin Oga da robar ruwa, na miƙa masa. A nan na ga abin da ban lura da shi ba tun safe. Da ya zo buɗe murfin, yatsunsa suka yi ta rawa, sai da ya danne robar a ƙirji. In ya ɗaga sanda ya yi dogon bugu ba ka ganin komai, ƙarfi yana rufe abin. Ƙaramin aiki ne hannun ba ya yi. Sai na tuna tun rami na farko ban ga ya tura ƙwallo daga kusa ba, ko sau ɗaya. Ni ne na hana kaina gani.

Ba zan ce da gangan ya fara yi mini kyauta ba. Wataƙila halinsa ne. Wataƙila kuma ya dubi yadda na gaishe shi ya san irin gidan da na fito. Na yi shekaru ina juya maganar, wani lokaci in ga haka, wani lokaci in ga haka.

Abin da na yi a tara na biyu, ina jin, shi ne iyakar jarumtar da nake da ita a lokacin: na rage girman kyautar. Na dawo da ita kamu ɗaya, ina yi ina jin kunya kamar wanda ya rage wa baƙo tuwo. Ya fara zubar da na taku guda da na gaba guda. Duk wadda ya zubar sai ya yi dariya ya ce, "Digiri ya fara karanta ni." Na farke ɗaya a rami na sha biyu, na farke ɗayan a na sha shida. Muka zo na sha takwas kunnen doki.

Mutane sun taru a bakin ramin ƙarshe, har da masu butar shayi. Dukanmu mun hau rairayi da bugu biyu. Shi ya fi nisa, ya fara turawa, ta zo ta tsaya kamar kamu ɗaya, ko da ɗan ɗori. Na tura tawa, ta lashi bakin rami ta tsaya, ko taƙi ba ta kai ba.

"Ɗauki abarka, Digiri," in ji shi, da murya yadda kowa zai ji.

Na ɗauka. Bugu huɗu ke nan. In ya sa tasa shi ma huɗu, mu tafi ƙarin rami. In ya zubar na ci.

Ya tako zuwa wurin ƙwallonsa, ya ɗan sunkuya, hannunsa a buɗe a samanta, ya ɗago ido yana kallona. Irin wannan tazarar na yafe masa a ramin da ya wuce, da wanda ya gabace shi. Ƙwallon da ya ba ni tana hannuna, da ɗuminta. Baba ya baro inuwa ya zo gaban mutane yana murmushi tun kafin in yi magana.

Na ce, "To, Oga, ai wannan kusan a ce... wato in aka duba, ba wani nisa ba ne sosai, sai dai kuma ta wani ɓangaren..."

Hedimasta ya katse ni. "Malam, ba lacca muka zo ji ba. Ka ba shi, ko ba ka ba shi ba?"

Mai jan buhu ya miƙe tsaye, buhu a hannu, yana kallon bakina.

Na tuna sakatariya. Ban taɓa shiga ba, amma na san tebur ɗin, na san fankar da ba ta juyawa. Na dubi hedimasta.

"Ban bayar ba. Oga, sai ka buga."

Oga ya miƙe a hankali, ya dube ni, sannan ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Ashe an koya muku wani abu a jami'ar."

Mai buhu ya ja masa hanya, ya sake ja, da kyau, kamar mai shimfiɗa wa baƙo. Oga ya tsaya a kan ƙwallon ya daɗe. Na so in kau da kai amma na ga bai dace ba, tunda ni na jawo. Kan sandar yana ta karkarwa a bayan ƙwallon. Da ya tura, hannun ya fizge, ta wuce ta gefen dama ba ta ko leƙa ramin ba.

Ya cire hula ya ba ni hannu. "Je ka Kudu. Can ciyawa ce, tana da santsi, kuma ba mai ba ka ko taƙi."

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce in bar shi ya je ya nemi masu butar shayin nan.

Ni da Baba muka fito titi. Muka tsaya jiran ɗan acaɓa a gefen katangar wani gida mai furanni, jakar sanduna a kafaɗata.

"Abin da bai kai tsawon takalmina biyu ba," in ji shi, yana kallon titi. "Dattijo mai furfura, baƙo, ya ba ka a gaban jama'a, kai ka hana shi."

"Baba, dokar wasan ta yarda, kodayake na san ta wani fannin..."

"Ban tambaye ka doka ba."

Ɗan acaɓa ya zo ya tsaya, Baba ya tattare rigarsa ya hau. Kafin su tashi ya juyo.

"Gobe zan je in ba Alhaji haƙuri, ya ba wani gurbin. Magana na yi, ba zan tashe ta ba. Amma kafin mutumin nan ya koma Kaduna, ka sa innarka ta dafa zabi biyu ka kai masa masauki."

Na ce ko ɗaya zai isa, tunda shi kaɗai ne.

"Biyu," in ji Baba.