Gashin Baba Manu

Ranar da aka dawo mana da Baba Manu ba ta taɓa fita raina ba, kuma ku sababbin ma'aikata ya kamata ku ji ta. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin gashi na wani asibiti a yankin Wurno. Kun san gashi ake kiran aikinmu, ko da babu abin da muka ɗumama.

Baba Manu manomin albasa ne daga Sisawa. Ciwon dunduniya ya kawo shi, irin wanda takun farko da asuba yake zama kamar an taka ƙusa. Jijiyar tafin ƙafa ce ta ɗaure. Yana kuma da ciwon suga, fatar ƙafarsa ba ta jin zafi sosai. Na murza masa tafin da babban yatsa, na miƙar da sharaɓa, na koya masa mirgina kwalba a ƙarƙashin ƙafa. Ya dube ni sheƙeƙe.

"Yaro, gashi anka ce mani. Ina wutar?"

"Baba, namu da hannu ne, babu wuta."

Ya sa takalminsa ya tafi. Ashe gani ya yi an raina shi. Da ya koma gida sai ya sa ruwan fartanya a garwashi, ya dinga takawa, yana jira ya ji zafi.

Da aka shigo da shi, warin ne ya fara iso mini. Na warware tsumman da aka naɗe ƙafar da shi. Dunduniyar ta yi baƙi, tana ruwa. Na tsorata ƙwarai. Babban likita ya duba, ya ce a hankali, "In ya kai ƙashi, yankewa za a yi."

Baba Manu ya ji. Ya riƙe mini riga.

"Da mi za ni shiga fadama, ɗana?"

Kullum aka zo wanke ciwon ina tsaye a gefensa. Allah Ya sa bai kai ƙashi ba, amma dunduniyar ta tafi. Har yau da yatsu yake takawa.

Mutanenmu ba sa yarda an yi musu magani sai jikinsu ya ji. Shi ya sa ba na sallamar kowa sai na tambaye shi abin da zai yi in ya isa gida, na kuma saurara har ya gama.