Ƙullutun Wuyan Baba

Mu biyu ne mata a ɗakin Innarmu, ni ce babba, sai Auta da aka haifa bayan na fara zuwa makaranta. Gidanmu yana unguwar Briqueterie, cikin wani lungu mai gangara bayan layin masu atamfa da shadda, inda Baba yake da shagon yadi tun kafin a haife mu. A lungun kaf ni aka sani da ƙoƙarin boko. Ni na koya wa Auta baƙaƙen Faransanci, ina riƙe da yatsanta muna bin layi, tana kuka tana cewa barci take ji. Da na gama lise, wato sakandare, na zauna jarrabawar shiga makarantar likitoci ban samu ba, na sake zama ban samu ba. Daga nan aka saya mini keken ɗinki, na yi aure nan kusa da gida. Auta kuwa zama ɗaya ta yi ta wuce.

Da ta gama, sai ta zaɓi wani fanni da babu wanda ya gane shi a unguwa. Ba ta duba marar lafiya, ba ta rubuta magani. Aikinta shi ne a yanko ɗan nama daga jikin mutum a kawo mata, ta duba a madubin likita ta faɗi abin da ke damunsa. Matan da ke kawo mini ɗinki sukan ce wannan wace irin likita ce da ko allura ba ta yi. Nakan ce musu ai aiki ne babba, amma ban taɓa tsawaita bayanin ba, don maganar tasu tana yi mini daɗi.

Wata damina Baba ya fara ramewa. Abinci ya fita ransa, rigunansa suka yi masa yawa, sannan wani ƙullutu ya fito masa a gefen wuya, ƙasa da kunne. Mutumin da hula kawai yake sawa sai ga shi ya koma naɗa rawani kullum. An sha rubutu, an shafa wani man da aka sayo a kasuwar Mokolo, ƙullutun bai fasa girma ba. Gwaggonmu ta zo daga unguwar Nkomkana, ta taɓa wurin, ta ja Inna gefe ta ce irin wannan ne ya tafi da mijinta. Tun ranar kalmar ciwon daji ta shiga gidan, ko da yake babu mai furta ta a gaban Baba.

Ni na kai shi asibiti. Likitan ya ce shi ma abin da yake tsoro ke nan, amma ba zai ce komai ba sai an yanki kaɗan an bincika. Baba ya ce faufau, ba za a yanki namansa a kai wani wuri yana raye ba. Na yi ta lallashi har bakina ya gaji. Na kawo masa limamin masallacinmu, na kawo abokinsa na ƙuruciya, duk a banza. Sai wata Juma'a Auta ta zo daga wurin aiki, ta zauna a bakin tabarmarsa, ta yi magana ƙasa-ƙasa da ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Ina tsakar gida ina wanke kwanuka na ji ya ce, “To, tunda ke za ki duba, na yarda.”

Na ci gaba da wankin, kwano ɗaya na yi ta cuɗawa.

Ranar da aka yi masa aikin, ni aka miƙa wa ’yar kwalbar. Naman bai fi ƙwayar gyaɗa ba, yana nutse cikin wani ruwa mai wari da ke hawa ido. Aka ce in kai ɗakin binciken da Auta take aiki. Na naɗe kwalbar a gefen mayafina, na shiga taksi muka cushe da mutane, ina kare ta da hannu biyu duk lokacin da muka faɗa rami. Da na isa, wata ma’aikaciya ta karɓa, ta tambaye ni ko ni ce ’yar aikin gidan su dokta. Na ce ni yayarta ce. Ta ba ni haƙuri da Faransanci mai yawa, ta kawo mini kujera, amma maganar ta riga ta shiga.

Jiran sakamakon ya yi mana tsawo. Auta ta daina zuwa gida sosai, in ta zo ma sai ta gaishe da Baba ta tafi. Ni ce ke dama masa kunu, ni ce ke wanke ciwon in sauya auduga, ni ce yake yi wa faɗa in kunun ya yi zafi. Inna ƙafa ta riga ta hana ta tsayuwa mai tsawo. Shagona kuwa rabin yini yake yi a rufe, masu ɗinkin biki suna ta aiko mini da saƙon ɓacin rai.

Wata safiya Auta ta kira ni a waya ta ce in zo wurin aikinta, tana so ta nuna mini kafin ta faɗa wa kowa. Na rufe shago na tafi. Na same ta cikin farar riga, idanunta sun yi ja, amma tana murmushi. Ta ce ba daji ba ne. Tarin fuka ne da ya bar huhu ya zauna a kaluluwar wuya, kuma yana jin magani. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ita ma ta durƙusa muka yi tare. Wannan ɗan lokacin babu komai a zuciyata sai godiyar Allah.

Da muka share hawaye sai ta ce in zo in gani. Ta zaga da ni tana bayani. An jiƙa naman a magunguna, an daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, an yanka shi da wata na’ura ya fi ɓawon albasa siranta, an shimfiɗa a kan gilashi, an rina. Ta ce rinin farko bai raba gardama ba, shi ya sa aka daɗe. Sai da suka sake wani rinin, suka kuma sa ragowar naman a wata sabuwar na’ura da ke neman alamar ƙwayar cutar kanta. Har hoton gilashin suka tura ta kwamfuta ga wasu likitoci a wata ƙasa suka duba. Ta ce binciken da take yi ke nan tun bara, a kan ƙullutun wuya da ake ɗauka daji ne alhali tari ne, da waɗanda ake ta ba wa maganin tari alhali daji ne ke cin su. Tunda mahaifinta ne, ba ita ta sa hannu a sakamakon ba, malaminta ne ya sa.

Ta sa ni na sunkuya a kan madubin. Da farko haske kawai na gani. Ta murɗa wani abu, sai ga launuka sun bayyana, ruwan hoda da shuɗi mai duhu, ɗigo-ɗigo kamar zanen atamfa mai tsada. Na ce mata ga wani wuri can da ɗigon suka yi zobe, tsakiyarsa kuma fayau kamar an goge. Ta dafa kafaɗata.

“Shi ne ciwon, Yaya. Ɗalibaina sai na nuna musu da kibiya suke ganinsa. Wallahi da ke ce a nan, da kin fi ni ido.”

Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani. Amma duk abin da aka taɓa faɗa mini a rayuwa babu wanda ya soke ni kamar wannan. Na ɗago na kalli ɗakin, da kujerarta mai juyawa, da gilasan da aka jera a akwatuna, da matasan da ke wucewa suna rusuna mata. Na ce mata warin wurin yana sa ni ciwon kai, na fita.

Da yamma ta zo gida ta faɗa wa Baba. Ya cire rawanin ya ajiye, ya kama hannunta biyu yana sa mata albarka, yana ambaton iyayensa da kakanninsa, yana cewa ilimin ’ya mace bai faɗi ƙasa banza ba. Ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunu. Da ya gama ya waiwayo ya tambaye ni ko na sa tsamiya.

Maganin watanni ya ɗauka, kuma ba shi da sauƙi. Kowace safiya kafin ya ci komai sai na tsallako daga gidana na ba shi ƙwayoyin, na tsaya har ya haɗiye, don in na juya baya yakan tura su ƙarƙashin matashi. Fitsarinsa ya koma ja ya tsorata, gaɓoɓinsa suka yi ta ciwo, wani lokaci ya yi amai a jikina. Ni ke bin layi a asibiti in karɓo na wata. Sannu a hankali ƙullutun ya sace, kumatunsa suka ciko, ya koma shago.

Masu dubiya ba su yanke ba. Abokansa mahauta daga Etoudi, ’yan kasuwa daga Messa, dangi na kusa da na nesa. Kowa ya zo sai Baba ya ba shi labarin daga farko, kuma kullum labarin ƙara girma yake. Har ya kai yana cewa likitocin Turai sun ce daji ne, Autarsa ta ce musu a’a. Ni a labarin sau ɗaya nake fitowa, wurin da aka ce an aiki babbar da kwalba. Matan da suka yi dariyar likitar da ba ta allura suka fara zuwa shagona, ba don ɗinki ba, sai don in haɗa su da ita ta duba musu takardun asibiti.

Ranar da aka yi sadakar samun sauƙinsa, muna rabon waina a tsakar gida, Gwaggo ta sake ɗauko yabon Auta. Sai na ji bakina ya ce ai ba ita ta sa hannu a sakamakon ba, malaminta ne. Inna ba ta ko ɗago daga kwanon da take zubawa ba ta ce, “To, ke kika sa?”

Matan suka yi dariya, ni ma na yi. Auta tana jin mu daga ɗaki. Na so ta fito ta yi fushi, mu yi cacar baki irin ta ’yan’uwa, in samu abin riƙewa. Sai ta fito ta ce gaskiya Yaya ta faɗa, kuma da ba don Yaya ta tsare shan maganin ba, da duk binciken ya tashi a banza. Aka ce haka ne, haka ne, aka koma zancen waina. Ko wannan yabon ma sai da ya bi ta bakinta kafin a karɓa.

Bayan sallar layya aka gayyace ta wani taron likitoci ta gabatar da bincikenta, har da hoton gilashin Baba a ciki ba tare da suna ba. Ta kawo mini shadda ruwan toka ta ce ba wanda zai ɗinka mata sai ni. Na zauna na yi mata aikin da ban taɓa yi wa amarya ba. Da ta dawo ta ce mata da yawa sun tambaye ta telanta. Na ji daɗi, na kuma ji haushin daɗin da na ji.

A hutun da ya biyo baya, babbar ’yata, wadda ke ajin ƙarshe a lise, ta same ni ina yanka yadi. Ta tsaya tana murza gefen teburin, sannan ta ce tana so ta riƙa bin Anti Auta wurin aiki, ta ga yadda ake yi, don irin karatunta take so ta yi. Na tambaye ta ko Antin ce ta sa ta. Ta ce a’a, Antin ma ba ta sani ba tukuna, ni ta fara faɗa wa. Na ce ta bari in gama yankan. Ta tsaya tana jira, ni kuma na yi ta daidaita yadin da ya riga ya daidaitu.

Ran Litinin ni na raka ta da kaina har ƙofar ɗakin binciken. Auta ta fito da murna ta rungume ta, ta ce in shigo mana in sha ruwa. Na ce ina da ɗinkin suna da za a karɓa kafin azahar. Na tsaya na ga sun shige tare, kafaɗa da kafaɗa, tsawonsu ɗaya, sannan na tsallaka titi na tari taksin Briqueterie.