Ummukulsum Mai Bin Gidan Suna

Ana raɗe-raɗi a garinmu Babban Mutum cewa Ummukulsum mai rigakafi tana jiyo ƙamshin ragon suna tun daga Sandamu, wai rago ma in ya hango ta sai ya fara bankwana da 'yan'uwansa. Sharri ake wa taubashiyata. Hancinta bai wuce Ɓaure ba.

Shekarar korona ce ta jawo mata. Mata suka ƙaurace wa asibiti har awaki suka gaje bencin jira, ga allurai a akwatin ƙanƙara, babu cinyar da za a tsira wa. Sai ta lura kome aka hana a garin nan, ba a fasa suna. Ta shiga bin gidajen suna, da gayya ko babu. Ta yi barka, ta ci nama, ta riƙe ranar haihuwa a ka. Kwana biyu bayan arba'in, mai jego na murnar rabuwa da ruwan zafi, sai ga sallamarta da akwati a hannu.

Yaro ɗaya ne ya kuɓuce mata, Abdulbaƙi, ɗana. Uwarsa Maijidda ta tafi haihuwar fari ƙauyensu a Nijar, can aka raɗa suna. Ba a gama wankan jego ba aka yi juyin mulki, aka rufe iyaka. Sai da bazara suka dawo, yaro ya cika wata tara, yana rarrafe kamar ɗan kada, ko allura ɗaya babu a jikinsa. Ga ƙyanda ta kwantar da yara uku a layinmu.

Labari ya iske Ummukulsum a gidan wani suna, an ɗora mata kwanon nama a cinya. Ta ajiye shi. Masu shekaru sun rantse ba su taɓa ganin haka ba. Ta hau acaɓa, ta biya asibiti ta ɗauko akwati, kafin Maijidda ta shimfiɗa tabarma yaro ya tsala ihu ya yi shiru. Ƙyandar ta gama zagayenta ba ta leƙo mu ba.

Da ta dawo yi masa ta gaba na ce, "Uwar raguna, ran nan har da barin nama? Ko haƙori ne?"

Ta rufe akwatinta. "Ɗanka kuka ɗaya ya yi. Kai da ka ga allurar korona ka shige rumbu, sai da aka zaro ka ta ƙafa. Miƙo damtsen, har yau ina bin ka ta biyu."