Man da Aka Shafa wa Tsohuwa

A gidan zu kowa ya san Anti Likita da masifa, ita ma ba ta musu. Tun tana budurwa take aiki a wani ɗan ɗaki a bayan kejin jiminu, har furfura ta fito mata. Aikinta ke nan: in dabba ta fara zubar da gashi, ta kankaro fatar wurin, ta zuba a ɗan faranti, ta rufe, ta jira makonni. In fumfuna ta tsiro, to makero ne ko danginsa, magani kuwa ga shi nan birjik. Mijinta kan ce ita kaɗai ce macen da ke murna in abu ya yi fumfuna.

Ana nan sai Tsohuwa ta kamu. Wata birinya ce da ta tsufa a gidan, mai miƙo wa yara hannu ta tsakanin ƙarafa. Gashin damtsenta ya zube, fatar ta yi faci-faci. Anti na gani ta ce makero ne. Ta kankara, ta jira, faranti fes. Ta sake, fes. Kai, abin ya ci mata rai!

Manaja kuwa ba ya son magana ta fita waje. Ya ce tunda gwaji bai nuna komai ba, wata baƙuwar cuta ce, kuma yara na taɓa dabbar. Anti ta buga tebur, ta ce a ba ta ko wata guda. Ina! Ya ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ranar da ta je asibiti duba surukarta, ya sa aka yi wa Tsohuwa allurar mutuwa.

Washegari ta nufi kejin tana huci. Ta tarar da Baban Birai, dattijon da ya raini Tsohuwa tun tana jaririya, zaune a kan bokiti ya haɗa kai da gwiwa. Kusa da ƙafarsa ga kwalin man shafawa na kemis, an matse shi tas.

"Baba, wannan fa?"

"Na makero ne. Shi na saya wa jikata, ya yi mata aiki. Kullum da safe nakan wanke wa Tsohuwa hannun in shafa mata. Ranar da za ki zo ma har ƙarawa nake, kada ki same ta da ƙazanta. Ta fara samun sauƙi wallahi."

Anti ta ji kamar ta shaƙe shi. Man ne ya hana fumfunar tsirowa a faranti! Cutar da ko ɗan kemis ya san maganinta, a kanta aka kashe baiwar Allah.

"Haba Baba! Haba don girman Allah! Kai da girmanka? Ka lalata min gwaji, ka sa an kashe ta a banza! Bakinka ciwo yake da ba za ka gaya min ba?"

Dattijon ya ɗago jajayen idanunsa, shi ma ransa a ɓace.

"Yaushe zan gaya miki? Shekara da shekaru kina shigowa kejin nan, ban taɓa jin kin ce min komai ba sai 'riƙe ta da kyau'. To, na riƙe ta. Jiya ma ni na riƙe musu."