Foldar da Na Buɗe wa Duk Layinmu

Shagon kawuna yana Magama, a layin shagunan da ke kallon titin Maraɗi, kafin a kai shingen kwastan. Hoto muke yi: fasfo ga direbobi da 'yan kasuwa masu ƙetarewa, gyaran tsofaffin hotuna, da buga na biki. Ni ne a kan kwamfuta, domin bayan sakandare na yi ɗan kwas a Katsina. Daga wannan kwas na dawo da wani hali marar kyau. In aka tambaye ni abin da ban sani ba, ba na iya cewa ban sani ba. Sai in ce, "Ai ƙaramin abu ne."

Ba fasfo ne ya riƙe shagon ba. Matar kawu ce ta riƙe shi, wadda muke kira Anti. Ita ke ɗaukar kyamara ta shiga cikin gida ranar kamu ko suna, inda mata ke zaune su kaɗai, sun ajiye mayafi, kitso da lalle a fili, suna rawarsu. Gidajen da ba za su bari namiji ya leƙa ko zaure na biyu ba, ita suna kiranta har ɗaka, saboda sun san inda hoton zai tsaya. In ta dawo da katin kyamara, nakan tashi in ba ta kujera, ta ja labule, ni kuwa in fita wurin mai shayi har ta gama. Ko kawu bai taɓa buɗe foldarta ba.

Kwamfuta biyu gare mu. Ta ciki, bayan labule, ita ce rumbun hotuna. Ta waje ita ke haɗe da injin buga hoto. Tsakaninsu filasha ce ke kai da kawo, kuma filashar nan ta sha kwaso mana cuta daga katunan mutane. Da na gaji, sai na sa wa ta ciki Linuks, manhajar nan ta kyauta wadda aka ce cuta ba ta cika kama ta ba. Ban iya ta ba. Na dai bi bidiyo a waya har ta hau. Injin buga hoto kuwa bai san kowa ba sai kwamfutar waje, don haka filasha ta ci gaba da zirga-zirga.

Wata rana Anti ta ɗaga labule tana riƙe da filashar da yatsu biyu.

"Wai kai da ka yi karatun abin nan, ba yadda za a yi hoto ya tafi can da kansa? Jiya na bar ta a jikin ta waje, sai da na kai gida na tuna. Gabana ya yi ta faɗuwa."

Na ce, "Ai ƙaramin abu ne, Anti."

Akwai abin da ya kamata in yi bayani. A bakin iyaka waya ba ta da tabbas. Kana tsaye wuri guda sai layinka ya tsallaka ya kama na Nijar, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Shi ya sa kawu ya sayi na'urar wayfay mai ƙarfi, ya ɗaura eriyarta a kan rufi. Kuma ya ɗauke ta tamkar randar ruwan da ke ƙofar shago: wanda ya ji ƙishi ya sha. Mai shayi yana da lambar sirrin, mai faci yana da ita, masu cajin waya da direbobin Maraɗi duk suna da ita. Mai shayi ma ya haddace ta, yana ba baƙo tare da kofi. A layinmu, ka hana maƙwabci lambar wayfay abin kunya ne, za a yi ta yi da kai. Na san duk wannan sarai. Kwamfutocinmu biyu a kan wannan wayfay ɗin suke, amma ko sau ɗaya ban haɗa maganganun biyu a kaina ba.

Da hantsi na zauna da bidiyo a waya. Mutumin ciki ya ce a buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, a rubuta layi guda, manhajar raba fayil za ta sauko. Na rubuta. Kwamfutar ta tambaye ni lambar sirri. Na danna, ban ga komai ya fito ba, ko ɗigo. Na ɗauka madannan sun mutu, har na juya su ina kaɗe ƙura. Ashe haka take, ba ta nuna abin da ka rubuta. Da na gane, sai rubutu ya shiga gudu a allon kamar tururuwa, ni kuwa ina zufa, ina tsoron kada in goge aikin shekaru. Ya tsaya. Ba abin da ya fashe.

Sai aka zo wurin gaya mata wace folda za ta raba. Mai bidiyo ya ƙirƙiri sabuwar folda wadda ba komai ciki. Ni na ga wannan dogon aiki ne, kullum sai an kwafa a zuba. Sai na nuna mata babbar foldar hotuna gaba ɗaya, wadda ta fasfo da ta Anti duk suke cikinta.

Na koma kwamfutar waje. Ga sunan foldar ya fito. Na danna, ta ƙi buɗewa. Ta ce ba ni da izini. Na sake, ta ƙi. Na kashe na kunna, ta ƙi. Kawu ya shigo ya tsaya a kaina, hannu a baya.

"Ƙaramin abun ne har yanzu?"

"Saura kaɗan, Kawu."

"To. Ga mutane can suna jiran fasfo, motarsu ta kusa cika."

Kunya ta kama ni. Na shiga karanta maganganun da mutane suka bari a ƙarƙashin bidiyon, na tarar da wani da ya yi irin kukana, wani kuma ya ba shi amsa: ya rubuta lambar bakwai sau uku a kan foldar, sannan ya ƙara layi guda da ke cewa a bar baƙo ya shiga ba tambaya. A ƙasan wannan amsa wani ya yi gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa kada a yi haka sai in kai kaɗai ne a kan wayfay ɗinka. Ba zan ce ban gani ba. Na gani, na karanta, Turancin kuma bai fi ƙarfina ba. Na ce a raina in aiki ya yi sauƙi zan dawo in gyara.

Foldar ta buɗe nan take. Kawu ya dafa kafaɗata. Anti ta gwada da yamma, ta aika hoto daga bayan labule ya fito a injin, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta jefa filashar a durowa. Ban koma na gyara ba. Abin yana aiki, ni kuma ina jin daɗin yabo.

Cikin kwanakin nan wata Hajiya mai fataucin atamfa tsakanin Jibiya da Maraɗi ta aurar da 'yarta. Babban gida ne, kuma duk bikin danginta Anti suke kira. Ta ɗauki hotunan kamu ta zuba a foldarta kamar kullum.

Ranar kasuwa, layi ya cika maƙil, ina zaune a bencin mai shayi sai wani direban Maraɗi da muka saba wasa ya ɗago waya yana dariya.

"Malam na kwamfuta, taho ka gani. Wanga ba ni ba ne? Dubi yadda ka hiddo mini kunnuwa kamar na zomo!"

Mai shayi ya leƙa ya ce, "Kai dai Allah ya ba ka su, kada ka ɗora wa mai hoto."

Na karɓi wayar ina murmushi. Fasfonsa ne, wanda na ɗauka kwanan baya. Na tambaye shi wa ya tura masa.

"Ba wanda ya turo. Fim nike nema. Akwai wani shago a Maraɗi, in ka hau rezo nasu, wayfay ɗinsu ke nan, sai ka jawo fim kai tsaye. Na ce bari in duba ko ku ma kun fara. Sai ga sunan shagonku."

Na danna baya. Ga foldar fasfo. Ga ta tsofaffin hotuna. A ƙasansu ga foldar Anti, da sunanta, ba kulle ba komai.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tambaye shi, da murya wadda ba tawa ba, ko ya buɗe sauran.

"Mi zan yi da sauran? Kaina na gani na tsaya ina kallon kyau."

Na ruga shago na fizge wayar na'urar wayfay daga soket. Kafin in juyo, layi ya ɗauka. Mai faci yana ƙwala wa kawu kira, masu caji suna cewa an yanke su a tsakiyar magana, wani ɗan kasuwa ya leƙo yana cewa kayansa na kan hanya kuma ba ya samun yaron motarsa. Kawu ya tambaye ni me ya faru. Na ce na'urar ce ta yi zafi, tana bukatar hutu. Ƙarya na yi masa, a gaban mutane, kuma ya yarda, har ya shiga ba su haƙuri a madadina.

Na shige bayan labule na goge layin baƙon, na tsayar da manhajar gaba ɗaya, sannan na mayar da wayfay. Amma hankalina bai kwanta ba. Rufewa yanzu ba ta gaya mini wanda ya riga ya shiga ba. Na nemo inda manhajar ke ajiye bayanin masu shigowa, na buɗe. Lambobi ne jere, da sunayen na'urori. Na gane kwamfutar waje. Akwai wasu da ban gane ba. Ko na direban ne a ranaku daban, ko na wani ne, ban iya bambancewa ba, kuma bayanin bai nuna abin da aka buɗe ba.

Na yi sallar la'asar ban san abin da na karanta ba. Duk inda na ga maza biyu sun haɗa kai a kan waya sai in rage tafiya in kasa kunne. Ina tunanin hoton amaryar nan ba mayafi yana yawo a tasha, daga waya zuwa waya, ya ƙetare iyaka kafin magariba. Shaiɗan kuma yana raɗa mini cewa na riga na rufe, ba wanda ya sani, in yi shiru.

Anti ta zo da yamma za ta buga hotunan Hajiya. Ta danna, hoto bai tafi ba.

"Abin naka ya lalace?"

Da na so, da na ce mata ƙaramin abu ne. Na tsuguna a bakin labule na gaya mata duka: lambar bakwai, gargaɗin da na karanta, direban, da lambobin da ban gane ba. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kana iya rantsewa ba wanda ya gani?"

"Ba na iyawa, Anti."

"To ni ma ba na iya kai mata hotunan nan in yi shiru." Ta ɗauki hijabinta. "Matan nan ba kai suka cire wa mayafi ba. Ni suka cire wa."

Na roƙe ta ta bari in bi ta in yi bayani da bakina. Ta ce gidan ba a shiga, kuma bayanina ba zai mayar da komai ba. Kawu, da ya ji, abu ɗaya ya tambaye ni: me ya sa na ce masa na'ura ce ta yi zafi.

Abin da Hajiya ta ce, a bakin Anti na ji. Ta saurara har ƙarshe, ta gode mata da ba ta ɓoye ba. Ta sa aka buga hotunan, aka kai mata katin, aka goge na cikin kwamfuta a gaban ƙanwarta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma kai maganar ko'ina ba. Amma da aka yi suna a gidan ɗanta bayan damina, wata mai hoto aka ɗauko daga Katsina. Anti ta ji labari ne a bakin maƙwabta. Ranar ta zo shago ta share kyamararta ta mayar cikin jaka.

Manhajar na sake sa ta, a hankali wannan karon, ina karanta kowane layi, inda ban gane ba in tambaya. Folda guda ce take rabawa, wadda ba komai ciki sai abin da za a buga a lokacin, kuma sai da suna da lambar sirri. Kwamfutocin biyu na haɗa su da igiya kai tsaye, na cire su daga wayfay. Kawu bai canza lambar wayfay ba, ya ce maƙwabta ba su yi laifi ba, kuma gaskiyarsa. Hotunan mata kuwa Anti ta sayi nata rumbun na hannu, tana tafiya da shi gida a jakarta. Ba ta ƙara barin ko ɗaya ya kwana a shago ba.

Har yau hoton bikin nan bai fito a ko'ina ba, iyakar sanina. Iyakar sanina kuwa ba ta da nisa. Direban yana nan yana tsokanata da maganar kunnuwa, ina yi masa dariya. Amma in na ji an fashe da dariya a bencin mai shayi, an haɗa kai a kan waya, har yanzu sai na ajiye abin da nake yi na fita na leƙa.