Awo da Tsinken Tsintsiya

A shekarun farko da sojoji suka koma bariki, ni kaɗai nake zaune a gidanmu na Sabon Tasha, ɗaki biyu da rijiya a bayan gida. Masaƙar da nake wa gyaran inji a Kakuri ta fara rage mutane, ina cikin waɗanda aka ce su je gida su huta. Matata kuwa tun da gari ya rikice ta ɗauki 'yarmu ta tafi wurin uwarta a Makurdi, a kan mako biyu za su yi. Mako biyun nan ya zama shekara huɗu. Na je sau biyu a shekarar farko, muka yi baƙar magana a gaban surukata, na rantse ba zan ƙara taka garin ba sai an neme ni. Ba a neme ni ba. Girman kai rawanin tsiya ne, ni kuwa na naɗa nawa har da kunnuwa.

Ana cikin zafin bazara sai wata mata 'yar cocinmu ta kawo mini wasiƙa. Layi huɗu ne. Yarinya za ta zo hutun Ista, kwana uku, ƙanwar uwarta za ta kawo ta. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa, sannan tsoro ya kama ni. Me zan nuna wa yarinyar nan da zai sa ta so dawowa? Gidan babu kujerar kirki, babu talabijin, ni kaina ban iya hira ba.

Sai na tuna alkawari. Tana da shekara shida ta ga wasu yara a talabijin ɗin maƙwabta suna zamewa daga kan wani tudu, ruwa na bin su, suna faɗawa cikin wani ɗan tafki suna ihu. Ta dawo da gudu ta riƙe mini wando ta ce, "Baba, ka yi mini sululu." Sunan da ta sa masa ke nan. Na ce zan yi, kamar yadda iyaye kan ce.

A jikin katakon ƙofar ɗakinmu akwai zane da na yi da ƙusa, inda na auna tsayinta kafin su tafi. Daga wannan zanen na ɗauki awo. Na haɗa katakai, na yi tsani mai hawa huɗu, na shimfiɗa shuɗin tamfol a kan gangaren, na haƙa rami marar zurfi a ƙarshensa na lulluɓe da leda. Ina da tsohon injin jan ruwa da na taɓa saya wurin 'yan gwangwan na farfaɗo da shi. Abin da ya rage shi ne tiyon da zai ɗauko ruwa daga bakin injin zuwa saman katakon, da ƙarfen da zai haɗa su.

A nan na yi abin kunya. Shekara goma sha shida ina cikin injuna, amma a masaƙa lamba kawai muke faɗa wa mai sito ya miƙo kaya, ban taɓa zuwa kasuwa sayen kayan famfo ba. Injin yana da nauyi, don haka na zaro tsinken tsintsiya na gitta shi a bakinsa daga gefe zuwa gefe, na karya daidai, na jefa a aljihu.

Mai shago a kasuwar Sabon Tasha ya ɗora tsinkena a kan awonsa ya ce, "Oga, inci ɗaya da kwata ne wannan." Ya yanko tiyo, ya haɗa mini da soket, wato ƙarfen mahaɗin. Da na dawo gida na zura, sai bakin injin yake yawo a ciki kamar ƙafar yaro a takalmin ubansa. Na ce ai wannan ba komai ba ne. Na yanka tsohuwar robar taya, na naɗe wurin tam, na kunna. Tiyon ya fizge, ruwa ya doke ni a fuska, ya jiƙa ni tun daga kai har ƙafa. Na tsaya ina ɗiga, na waiga ina jiran wanda zai ƙyalƙyale da dariya. Babu kowa sai kazar maƙwabta a kan katanga. Wannan ya fi ruwan ci mini rai.

Washegari na tafi Makera. Na shiga shago uku, kowa na miƙa wa tsinken sai ya ba ni amsar da aka ba ni jiya. Wani ya sayar mini da ƙaramin soket wanda zarensa bai hau ba ko kaɗan. A gindin wata bishiya na iske tsofaffin abokan aikina suna buga dara da rana tsaka. Suka ce me nake yi da tiyo a kafaɗa, ko lambu na fara. Na ce e, lambu ne. Na kasa ce musu ƙato da ni abin wasa nake haɗawa.

Na san wanda zai warware mini. Akwai wani Malam mai sayar da kayan famfo da shagonsa yake kusa da ƙofar masaƙa a da. Shekaru muna cin gyaɗa a bencinsa in an tashi aiki. Da gari ya rabu, kowa ya bi nasa, sai ya kwashe kayansa ya haye kogi ya koma kasuwar Panteka. Tun daga nan ban neme shi ba, shi ma bai neme ni ba, ba kuma faɗa muka yi ba. Saura kwana huɗu yarinya ta iso. Na shiga bas, muka hau gada, ina kallon ruwan da ya janye ya bar duwatsu a fili.

Sai da na yi tambaya sau uku kafin na same shi. Ya tsufa, gemun ya yi fari fat. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Injiniya! Ashe kana duniya?"

Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na zaro tsinken na yi masa bayani. Ya juya shi a hannu, ya fara dariya har da tari.

"Ta baya ka auna ko ta ciki?"

Na ce ta baya.

"To ruwan ta baya yake bi? Haba Injiniya. Bakin famfo ta ciki ake auna shi. Kai ka haɗa har da kaurin ƙarfen. Injinka inci ɗaya ne."

Ya tona cikin wani gwangwani ya fito da ƙarfe mai zare a gefe ɗaya, da kilif biyu na matse tiyo, da farin tef na naɗe mahaɗi. Ya canza mini tiyon. Ya ce in tsoma bakinsa a ruwan zafi ya yi laushi kafin in zura, in ya huce zai kama da kansa. Sannan ya sa aka kawo shinkafa da wake, ya ce ba zan tafi ban ci ba. Rabon da in ci abinci kwano ɗaya da mutum har na manta.

"Ina uwata?" Haka yake kiran 'yata tun tana goye. "Yanzu ai ta zama budurwa."

Na ce, "Ina! Yarinya ce, Malam."

Bai ja ba. Ya ƙulla mata dabino a leda, ya raka ni har bakin titi.

Na bi abin da ya ce, komai ya zauna daram. Ruwa ya hau, ya bazu a kan tamfol ya gangaro cikin ramin, ko ɗigo babu a mahaɗin. Kwana ukun da suka rage kullum sai na kunna na tsaya ina kallo, ina roƙon Allah kada a ɗauke wuta ranar.

Ba a ɗauke ba. Sun iso da la'asar ranar Asabar. Ƙanwar uwarta ce ta fara shigowa, a bayanta wata doguwar yarinya da siket har ƙasa, da kitso, da 'yar jaka a kafaɗa. Ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Baba," da muryar da ake gaida baƙo. Da ta miƙe a bakin ƙofa na ga zanen ƙusata bai kai kafaɗarta ba.

Duk da haka na ce ta zo bayan gida ta gani. Ban san me ya sa ba, wataƙila don ba ni da wani abin. Na kunna injin, ruwa ya gangaro yana sheƙi. Ta tsaya kusa da tsanin, samansa daidai haɓarta. Ta duba da kyau, cikin ladabi, ta taɓa tamfol ɗin da yatsa.

"Ya yi kyau, Baba," in ji ta. "Na yaran waye?"

Na ce, "Na yaran maƙwabta ne."

Ta gyaɗa kai. Sai ta dubi ƙafafunta da suka yi buɗu-buɗu da jar ƙasar hanya, ta ce ko za ta iya wankewa a nan. Na zare tiyon daga saman katakon, na durƙusa na riƙe mata. Ta cire takalmi ta dafa kafaɗata don kada ta zame, ni kuma na ƙi ɗaga kai, na yi ta zuba ruwan har bayan ƙafar ta fita tas.